Ranar da Na Ƙi Cewa An Gyara

Zuwa ga Gwaggona abar ƙaunata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi irin na 'ya ga uwarta, ina fatan wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da Abban su Dogo da yara baki ɗaya. Allah ya ƙara miki lafiya da nisan kwana, ya sa ciwon gwiwar nan ya tafi ke nan ba dawowa, ya bar mana ke. Mu ma nan lafiya lau muke, sai godiyar Allah. Umma tana nan tana fama da mu. Yaya ya fara koyon tuƙi, har ya riga ya goge ƙofar maƙwabcinmu, amma ya ce ƙofar ce ta matso. Auta ya fara haƙora, duk abin da hannunsa ya kai sai baki, shekaranjiya da ƙyar muka ƙwace wayar caja daga wurinsa. Baba kuma yana nan kamar yadda kika san shi, tabarau a kan hanci, yana neman tabarau.

Gwaggo, akwai maganar da ban taɓa faɗa wa kowa ba, ko Umma ba ta sani ba. Na san shirin da kuka yi da Baba, cewa idan an yi dogon hutu zan tattara kayana in koma wurinki in ci gaba da makaranta a can, ko Allah zai sa bakina ya buɗe a cikin hayaniyar gidanki. Ina bayan labule ranar da kuka yi maganar a waya. Kowa a gidan nan yana zaton gudun mutane ne ke kai ni shagon Baba kullum bayan an tashi makaranta, wai na sami lungun ɓuya a bayan tulin kwalaye. Da farko haka ne, ba zan ɓoye miki ba. Amma yanzu ba ɓuya nake zuwa yi ba. Aikin nake so. Ina son sa har malama tana rubutu a allo, ni kuma hankalina yana kan teburin Baba, ina tunanin ta inda zan bi da wata waya. Idan na tuna cewa zan bar teburin nan, abinci ba ya shiga min.

Rabonki da shagon tun yana wurin gyara kawai, bari in ba ki labarin yadda ya koma. Yanzu Baba haɗa kwamfuta yake yi daga farko, kowa da irin tasa. Idan mutum ya zo, ba a fara da maganar kaya. Sai Baba ya zaunar da shi ya yi ta tambayarsa kamar likita: wane aiki zai yi da ita, tsawon wane lokaci take kunne, ɗakinsa akwai zafi ko babu, akwai yara masu taɓe-taɓe. Daga nan ne yake sayo kayan ɗaya bayan ɗaya, kowanne a kwalinsa. Kafin a taɓa komai sai an dafa ƙafar tebur ta ƙarfe, don wutar da ke jikin mutum, wadda ba ya ma jin ta, tana iya kashe abu. Ƙwaƙwalwar kwamfutar ba ta kai faɗin tafin hannun Auta ba, kuma ba a danna ta, ajiye ta ake yi a hankali ta zauna da kanta. Sai a ɗiga mata wani farin mai kamar ƙwayar wake, a ɗora fanka a kai. Sukurori muna zuba su a murfin gwangwanin madara don kada su gangara. Akwai wasu 'yan ƙananan wayoyi da ke zuwa daga maɓallin kunnawa, waɗanda yatsun Baba ba sa iya kamawa, ya yi ta tsaki yana zufa. Wata rana ya ce in gwada, na sa su tashi ɗaya. Daga ranar na sami kujera a gefen teburin.

Sai dai Baba ya faɗa min gaskiya. Ya ce hannu dai ina da shi, har na fi Yaya, amma wannan sana'a rabinta baki ne. Sai ka iya tambayar mutum, sai ka iya ce masa abin da yake so ba zai yi masa amfani ba, sai ka iya tsayawa a kan maganarka. Ni kuwa kin san ni, ko gaishe ni aka yi sai in tsaya kallon yatsun ƙafata. Ya ce shi ya sa ya ga gara in je wurinki. Na ci gaba da tsince sukurori, amma maganar ta zauna min a ƙirji.

Ana nan sai wata mata ta zo, mai zana taswirar gidaje. Mu dai Mai Zane muke ce mata. Doguwa ce, tana magana da sauri kamar ana jiran ta a waje, makullin mota kullum a hannu. Ta ce tsohuwar kwamfutarta idan ta buɗe zanen bene sai ta tsaya cak kamar jakin da ya gaji, kuma akwai babban aikin da za ta miƙa nan ba da daɗewa ba. Da kayan suka iso, Baba ya jera kwalayen a gabana, ya miƙo min sukundireba, ya ce wannan tawa ce daga farko har ƙarshe, shi kallo kawai zai yi. Na haɗa ta, na ɗaure wayoyin a baya yadda iska za ta sami hanya, na yi bismillah na danna maɓalli. Fankar ta juya, allo ya kawo haske. Baba ya leƙa ciki ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce to, ba laifi. Kin san ƙaninki, wannan a wurinsa babban yabo ne.

Amma haɗawa ba ita ce ƙarshen aiki ba. Sai an sauke mata manhajar zane daga intanet, mai nauyi ce ƙwarai, kuma dokar Baba ce kwamfuta ba ta fita shagonsa sai an gwada ta da ainihin aikin mai ita. A nan ne layin intanet ɗinmu ya nuna mana hali. Za ki ga wata koriyar sanda tana cika a allo sannu a hankali, ta wuce rabi, ta kusa ƙarshe, kina riƙe numfashi, sai fitilar akwatin intanet ta koma ja. Komai ya rushe, sai a koma farko. Mun gwada da wayar Baba, sabis a cikin shagon ba ya da ƙarfin ɗaukar wannan kaya. Yaya ya ce a kai ta shagon wani a sauke, Baba ya yi masa kallon da bai ƙara maimaitawa ba.

Sai kiran kamfanin intanet ɗin. Ban san ko ku ma haka naku suke ba. Za su sa miki kiɗa har ki haddace shi, wata murya tana ta cewa kiranki yana da muhimmanci a wurinsu. Idan mutum ya ɗauka, tambaya ɗaya ce: kin kashe akwatin kin kunna? Ki ce masa mu da kwamfuta muke kwana muke tashi, ya ce duk da haka a kashe a kunna. Baba a waya ba ya da daɗi, har a cikin gida ana jin muryarsa yana ce musu ko gyaran keke bai dace a ba su ba. In sun gaji da shi sai su turo ma'aikaci. Kusan kullum mutum ɗaya ne, wani siriri a kan babur, hular kwano a gwiwar hannu. Yaya ya sa masa suna Kashe-Kunna, don abin da yake yi ke nan: ya kashe, ya jira, ya kunna, fitilu su yi kore. Daga nan sai ya kira ofishinsu ya miƙa wa Baba waya don ya tabbatar musu an gyara.

To a nan ne matsalar take, Gwaggo. Baban da ya gama tada jijiyar wuya a waya, da zarar mutumin ya yi sallama ya shigo, shi ke nan ya zama baƙo. A ba shi kujera, a aike ni in kawo shayi, a tambayi mahaifiyarsa da jiki. Idan aka miƙo wayar, Baba ya dubi bawan Allah da zufa a goshi da kofinmu a hannu, sai ya ce musu an gyara, mun gode, Allah ya saka. Kafin magariba fitila ta koma ja. Mu sake kira, a ce mana wancan ƙorafin an rufe shi tunda mun ce an gyara, sai dai a buɗe sabo, a koma kan kashe ka kunna. Umma ta ce masa Malam, kai da bakinka kake rufe ƙofar sannan ka dawo kana dukan ta. Ya ce to ya zai yi, ya sa a rage wa yaron mutane matsayi a wurin aiki, mutumin da ya sha ruwan gidansa? Umma ta ce ai shi ke nan, a ƙara masa sukari.

Mai Zane ta zo har sau nawa tana tarar da kwamfutarta a kan tebur ba ta gama shiri ba. Zuwanta na ƙarshe ba ta ko zauna ba. Ta ce ita ba ta san wani layi ba, abin da ta sani an ce mata a nan ake aikin kirki, kuma idan mako ya ƙare ba ta ɗauka ba za ta je babban kanti ta sayi haɗaɗɗiya ta huta. Da ta fita Baba ya ce in haka ta faru sai dai a warware ta a mayar da kayan kwalayensu, don ba kowa ke neman irin wannan ba. Kwamfutar farko da na haɗa, Gwaggo, ita ce kaɗai shaidar da nake da ita cewa zamana a teburin nan ba ɓuya ba ne.

Washegari bayan la'asar Kashe-Kunna ya zo. Aka yi yadda aka saba, shayi, gaisuwa, kashewa, kunnawa, kore. Ya kira ofis ya miƙo waya. Allah da ikonsa, a daidai lokacin Baba yana danne da wata babbar fanka a kan kwamfutar wani, ya riga ya ɗiga mai, ba dama ya saki sai ya ɗaure. Sai ya nuna ni da haɓa, ya ce a ba Uwata, ki ce musu mun gode kawai. Na karɓa. Wata mata ce, ta tambaya ko komai ya daidaita ta rufe ƙorafin. Na dubi kwamfutar Mai Zane, na dubi bango, don ba zan iya duban kowa ba. Na fara gaishe ta yadda kuka koya mana, na tambaye ta aiki. Sannan na ce mata ma'aikacinsu ya zo a kan lokaci, mutum ne mai ladabi, ya yi duk abin da zai iya da abin da aka ba shi, don Allah ta rubuta masa wannan. Amma layi bai gyaru ba, kada ta rufe.

Ta ce ai a wurinta tana ganin komai kore. Na ce haka ne, kullum kore yake idan ma'aikacin zai tafi, kafin magariba zai koma ja. Ta ce tsarinsu shi ne a rufe, in ya sake yankewa mu buɗe sabo. Na ce mun buɗe sabo har ƙanina mai rarrafe ya san kiɗansu, yana rawa idan ya ji. Na ce ba faɗa nake yi ba, amma ba zan ce an gyara abin da ba a gyara ba, kuma zan iya jira a kan wayar har ta tambayi na gaba da ita. Ina jin tana danne-danne. Can ta ce ta tura maganar wurin masu aikin waya ta waje.

Da na miƙa wayar, sai ga Baba yana kallona ta saman tabarau, sukundireba a tsaye a hannunsa. Na ce a raina yau na ja wa kaina, na kunyata mahaifina a gaban baƙo. Sai kawai Kashe-Kunna ya fashe da dariya, ya ce wallahi ƙanwata kin taimake ni. Ya ce tun zuwansa na farko ya yi zargin matsalar tana wayar da ta taso daga falwaya, amma shi babur kawai ake ba shi, ba tsani ba sabuwar waya, kuma ofis ba ya fitar da motar tsani sai mai layi ya ƙi yarda an gyara. Duk ranar da Baba ya ce mun gode, a wurinsu aiki ya yi kyau ke nan. Baba ya ce to kai ɗan nan me ya hana ka faɗa tuntuni? Ya sunkuyar da kai ya ce Baba, ta yaya zan sha shayinka sannan in ce maka godiyarka ce ke ɓata aikin? Ashe su biyun kunyar juna suke ji, layi kuma yana can yana lilo. Baba bai yi min faɗa ba, bai kuma yaba ba. Sai da muna cin abinci na ji yana ce wa Umma yau ya ji muryar mahaifiyarsa a shago, ba a banza aka sa min sunanta ba. Ke kin fi ni sanin Kaka, Allah ya jiƙanta, ke za ki faɗa min ko yabo ne.

Kada ki zaci washegari suka zo. Sun ce gobe, goben ta yi ta haihuwar wata goben. Kullum na dawo makaranta sai in ajiye jaka in kira su, in sa wayar a kan tebur tana kiɗanta ina tsince sukurori. Wani ya ce min ai ma'aikata sun zo ba su tarar da kowa ba, alhali Baba ko masallaci da sauri yake zuwa ya dawo don kada a yi saɓani. Wata ta ce in kashe in kunna. Na kashe na kunna don ta ji daɗi, sannan na koma kan maganata. Na gane abu ɗaya: idan ba ka ɗaga murya ba, ba ka kuma ajiye waya ba, ba su san yadda za su yi da kai ba. Ana saura kaɗan mako ya ƙare motar ta zo da tsani. Ashe wayar tana gogar bakin kwanon rufin maƙwabcinmu, ya ci ta har ta kusa tsinkewa, iska na kaɗawa sai ta yanke. Suka sa sabuwa. Na zauna ina kallon koriyar sandar nan har ta cika, ban ko tashi shan ruwa ba.

Ranar da Mai Zane ta zo ɗauka, Baba ya gaishe ta, sannan ya ce bari ya nemo wani kwali a ciki. Kwalin yana ƙarƙashin tebur, ina ganin sa. Ya bar ni da ita. Ta buɗe zanen benen nan, ta juya shi hagu da dama, bai tsaya ba. Ta ce za ta sa ta a cikin durowar teburinta ta rufe saboda ƙura. Na ce mata kada ta yi haka, zafi zai taru ya gajiyar da ita, gara ta bar ta a fili ta riƙa goge ragar gaba inda iska ke shiga. Ta ce in ɗaga murya, ba ta ji. Na sake faɗa. Ta ce to ta ji, amma nan gaba kada in riƙa magana kamar ina ba akwatin kwamfutar haƙuri. Har yanzu ban iya kallon idon mutane ba, Gwaggo, kwamfutar nake kallo ina magana. Amma maganar tana fita.

Tun daga ranar Baba bai sake cewa ba ni da baki ba. Sai dai jakar tafiya da ya sayo min tana nan a kan kabad, kuma wani lokaci yana cikin aiki sai ya ce oho, idan Uwata ta tafi wa zai sa masa 'yan wayoyin nan, ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Na san ba ya so in tafi. Na kuma san ko za a shekara ba zai faɗa miki ba. Ke kika goya shi, ya riga ya ce miki to, kuma na ga da idona yadda yake idan yana jin nauyin mutum. Zai sa ni a mota yana murmushi, ya dawo shago ya yi ta faɗa da sukurori. Shi ya sa na ga ni ya kamata in rubuto.

Ki gaishe min da Abban su Dogo da kyau, Allah ya ƙara buɗi. Ki gaishe da Anti Ƙarama da jaririyarta, da tagwaye, da Iya mai taya ki aiki. Shi kuwa Dogo, taubashina, ki ce masa na ji labarin ya buɗe rediyon gidan don ya gyara, yanzu ko tari ba ta yi. Ya ajiye min sukurorin, kada ya zubar. Umma da Yaya suna gaishe ki, Auta ma ya gaishe ki da yawu a gefen takardar nan, ki yi haƙuri da tabon.

Gwaggo, babu gidan da ake sona kamar gidanki, kuma na san alheri kika nufe ni da shi, Allah ya saka miki da aljanna. Idan an yi hutu zan zo in yi miki kwanaki, in matsa miki gwiwa, in share miki ɗaki. Amma zuwa zan yi in dawo. Jiya shugabar makarantarmu ta shigo aji ta tambayi waɗanda za su dawo zango mai zuwa, na ɗaga hannu, har sama, ba rabi ba. Ba wanda ya sani a gida. Gobe idan na kai wannan takarda gidan waya, zan wuce shago in faɗa wa Baba da bakina, ba ta bakin Umma ba. Abin da nake roƙo a wurinki shi ne ki yafe min, ki sa min albarka.

Wassalam, ki huta lafiya.

'Yarki mai ƙaunarki har kullum,
Uwar taku.